Waiwaye: Ranar da aka rufe ƙofar Kwangwalam daga Abuja

Ranar Talata, 15 ga Yulin 2025, Daura ta cika ta batse, babu masakar tsinke. An ɗauko gawar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari daga Landan, aka sauka da ita Katsina, aka iso gida da yamma. Ni dai ina can baya cikin talakawa 'yan'uwana, inda ba ka ganin komai sai ƙeyar na gabanka, don haka sunayen manyan baƙi a bakin mutane na riƙa jin su. Shugaba Bola Tinubu yana nan. Shugaban Gini Bisau yana nan. Sai aka ce ga Firaministan Nijar, Ali Mahaman Lamine Zeine, ga kuma tsohon shugabanta Mahamadou Issoufou.

Sai na tsaya ina lissafi a raina. Ga mutumin da ya jagoranci zaman da aka ba sojojin Nijar wa'adin kwana bakwai. Ga wakilin gwamnatin da aka ba wa'adin. Ga ubangidan hamɓararren shugaban Nijar Mohamed Bazoum a siyasa, shi kuwa Bazoum yana tsare a Yamai, saura kwanaki ya cika shekara biyu a hannun masu gadinsa na da. Ko wata shida ba a yi ba da ficewar Nijar daga ECOWAS. Amma ga su duk a gari ɗaya, sun zo binne mutum ɗaya.

Wani dattijo da ke gefena, da alama daga ƙauyukan Zango ya fito, ya ji ina mamaki a fili. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mutanen Faransa kake mamakin zuwansu? Ai dole su zo. Mutuwar gida ce."

Har gobe tsofaffinmu na bakin iyaka Faransa suke ce wa Nijar, kamar yadda tsofaffin can ke ce wa wajenmu Ingilishi. Sunan ya riƙe tarihin yadda aka yi rabon. Wajajen 1805 masu jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa suka yi arewa. Zuriyarsa ta yi ta sauya mazauni har wani reshe ya kafu a Zango, wani a Baure, wani ya zauna Magarya, dukkansu a ƙarƙashin inuwar sarakunan Damagaram. Shekaru da yawa gidan sarautar Daura na asali yana duban Damagaram a matsayin babbar fada, kafin Turawan Ingila su ɗauko Malam Musa daga Zango su mai da shi birni a farkon mulkinsu. Sarakunan da suka biyo bayansa, Abdurrahman da Muhammadu Bashar da Mai Martaba Umar Faruk Umar na yanzu, daga wannan gida suka fito. Wato gadon sarautar da muke faɗuwa gaisuwa a gabansa yau ya yi zaman gudun hijira a hannun waɗanda takarda ke kira baƙi.

Ita kuwa iyakar, a teburin Turai aka yanka ta. Ingila da Faransa sun fara ja-in-ja a kanta tun 1890, suka sake zama a 1898, da 1904, da 1906, saboda Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi da ayarinsu zai bi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da Tafkin Cadi. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawaga ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi daji tana kafa alamu, guda 148, daga Kwara har tafkin. A yankinmu tangaraho ake ce wa waɗannan ƙarafuna. Akwai manomin da tangaraho ke tsakiyar gonarsa: ya fara kunya a Najeriya, ya ƙarasa ta a Nijar, bai ajiye fartanya ba. Daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar, Mai'aduwa da Zango da Baure duk kafaɗarsu na gogar Nijar. Daga Daura ka bi ta Kwangwalam ka faɗa Matamai ka wuce Damagaram, ko ka bi ta Babban Mutum ka sauka Magarya.

Kada a ɗauka ina cewa iyakar ba ta yi komai ba. Ta yi. Wani Ba'amurke mai suna William Miles ya zauna a 'Yardaje ta wajenmu da Yekuwa ta wajen Magarya, ƙauyuka biyu maƙwabta masu auratayya, ya fitar da littafi a kansu a 1994. Abin da ya gani mu ma mun san shi: harshe ɗaya, addini ɗaya, tuwo ɗaya, amma mulkin Faransa da na Ingila sun bar halaye daban. Can an karya ƙarfin sarauta, an yi aikin dole, an saba da tsoron jandarma. Nan an bar sarki da alkalinsa da dogarinsa. Can yaro lakwal yake zuwa, nan makarantar boko. Can ana ƙirga jaka da sefa, nan naira. Ƙasashe biyu ne na gaske, kowace da tutarta da alfaharinta, kuma mutumin Nijar ba ya son a riƙa yi masa kallon ƙanen da aka bar wa bayan gida. Wannan ma yana cikin abin da aka manta a 2023.

Ranar 28 ga Mayun 1975 ƙasashe 15 suka sa hannu a Legas aka kafa ECOWAS, wadda mutanen ƙetare ke kira CEDEAO. Janar Yakubu Gowon da Janar Eyadema na Togo ne suka yi ta yawon shawo kan sauran. A nan akwai ɗan abin murmushi: su biyun sojoji ne da suka hau ta juyin mulki, haka Seyni Kountché na Nijar, wanda ya kifar da Diori Hamani a 1974. Gowon kansa wata biyu kawai ya ƙara a kan kujera bayan sa hannun. Ƙungiyar kasuwanci aka kafa, maganar kare dimokuraɗiyya daga baya ta shigo, ta zauna sosai da yarjejeniyar 2001. A 1979 aka amince ɗan kowace ƙasa zai iya shiga 'yar'uwarta ya yi kwana 90 ba biza. Ga mutumin Mai'aduwa wannan ba sabon labari ba ne, kakansa ma haka yake yi da jakinsa. Amma takardar ta ba shi abu ɗaya mai daraja: bakin magana a gaban mai kaki. Yana iya cewa doka ta ba ni.

Sai dai tun da wuri aka nuna masa cewa dokar tana da makulli, kuma makullin ba a hannunsa yake ba. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Nijar da yawa suna ciki. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta sauya launin naira ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986 a zamanin Babangida. Rufewar ta haɗu da fari mai tsanani. Hatsin da aka saba ɗauka daga kasuwanninmu zuwa arewa ya tsaya, kuɗin da mutanen can suka ɓoye a tukunya ya zama takarda. Mutanen Nijar suna raɗa wa kowace yunwa suna, waccan suka sa mata El-Buhari, wato 'yar Buhari a karin harshenmu. Ɗan Daura, mai dangi a ƙetare, sunansa ya hau kan yunwar maƙwabtansa. Ban kawo wannan don tone-tone a kan mamaci ba, Allah ya jiƙansa ya yafe masa. Na kawo ne don a ga cewa ko wanda ya san wurin nan kamar yunwar cikinsa, idan ya hau kujerar mulki, iyaka kan koma masa layi a jikin taswira.

Ya sake yi a 2019. Ranar 7 ga Yuli ya je Yamai ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, ranar 20 ga Agusta ya rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da fetur. A watan Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai ga garuruwan bakin boda suna sayen fetur a galan wajen 'yan bumburutu kamar ba 'yan ƙasa ba. An buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a Disambar 2020, aka ƙara Jibiya da Kamba da Idiroko da Ikom a Afrilun 2022. Kwangwalam ba ta cikin jerin farko, ba ta cikin na biyu. Gaskiya ne manoman shinkafa sun ɗan ji daɗi, injinan casa sun ƙaru a Kano da Kebbi da Jigawa. Gaskiya ne kuma shinkafa 'yar waje ba ta taɓa ɓacewa daga kasuwa ba, tsada kawai ta ƙara, don kowane buhu sai ya biya kuɗin babur da kuɗin dare da na goro. Shi dai wannan Buharin ne ya ƙaddamar da layin dogo zuwa Maraɗi, gwamnatinsa ta saya wa Nijar motoci na fiye da naira biliyan ɗaya, ya kuma faɗa da bakinsa gab da sauka cewa idan aka dame shi a Daura zai ƙetara Nijar. ECOWAS kuwa, da babbar 'yarta ta taka dokar zirga-zirga wata 16, ba ta iya komai ba sai kafa kwamiti.

Duk wannan darasi yana ajiye a gabanmu lokacin da aka wayi gari ranar Laraba, 26 ga Yulin 2023, dakarun fadar shugaban Nijar suka tsare Bazoum, bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tchiani ya bayyana a matsayin shugaba. Tinubu bai cika wata biyu a mulki ba, mako biyu da 'yan kwanaki kacal da ba shi shugabancin ECOWAS a Bisau, inda ya yi alkawarin ba za a sake lamuntar juyin mulki ba. Mali ta faɗa hannun soja, Gini ta faɗa, Burkina Faso ta faɗa. Ana iya fahimtar fushin shugabannin, kowannensu yana shafa wa gemunsa ruwa.

Ranar Lahadi, 30 ga Yuli, suka zauna a Abuja. Lahadi ce ranar da kasuwar Mai'aduwa ke ci. A daidai lokacin da dillalai ke tafa hannu a kara, ana cinikin bijimai da raƙuma da ragunan da aka koro daga Damagaram da Tanut, 'yan canji na zaune da damin sefa da naira, masu a-kori-kura na lodin gero da masara da siminti da taliya, a lokacin ne ake karanta takardar da ta rufe iyaka, ta hana jirage, ta daskarar da kuɗin Nijar a bankuna, ta tsai da ciniki, ta kuma ba da mako ɗaya a mai da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Ban ji an kira Sarkin Daura ba, ko Sarkin Katsina, ko shugabannin 'yan kasuwar dabbobi, a tambaye su me zai biyo baya. Bayan kwana kaɗan Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Wutar nan tun shekarun 1970 ake ba da ita, kuma duk mai hankali ya san ba sadaka ba ce zalla: kogin da ke juya injinan Kainji ta Yamai yake biyowa kafin ya iso mu.

Ina da gwaggo da ke aure a wani ƙauye bayan Matamai, shekara fiye da arba'in. Tana da ciwon suga, kuma daga Daura ake saya mata magani duk wata, don ya fi sauƙi. Da aka rufe hanya, ɗanta ya koma biyo gonaki da babur, ga damina, ga gero ya kai ƙugu. Tafiyar da yake yi ya dawo kafin azahar ta koma ta yini guda. A kowace kwana akwai mai kaki da sanda a gicciye, na wannan gefe da na wancan, kowa kuma da abin da yake karɓa. Wata rana ya iso jiƙe sharkaf, na ce masa, "Ɗan'uwa, wai ba a rufe boda ba ne?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, an rufe wa mai gaskiya. Mu kuɗin hanya ne kawai ya ƙaru." Da na kira gwaggo a waya, tambaya ɗaya ta yi mini: "Wai da gaske ne sojan Najeriya za su zo su harbe mu? To su wa za su harba, ni ko 'ya'yan ƙanena?" Ban sami amsar da zan ba ta ba.

Tambayar ba ta tsohuwa ba ce ita kaɗai. Ranar 10 ga Agusta ECOWAS ta ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana, hafsoshin tsaro suka zauna a Akara, har aka ce an tsai da ranar shiga. Jihohi bakwai ne ke jingine da Nijar a kan iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Duk tankar yaƙin da za ta shiga, ta ƙofar gidajensu za ta bi, duk harsashin ramuwa a kansu zai sauka. Dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato da 'yan bindiga suka kora tun 2019 suna zaman gudun hijira a jihar Maraɗi, a hannun waɗanda ake shirin kai wa yaƙi. Shi ya sa sanatocin Arewa suka fito suka ce ba da su ba, ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta ba shugaban ƙasa shawarar ya bi hanyar sulhu. A masallatan Juma'a kuwa ba a magana sai ta Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Ina jin abin da ya ruɗi masu shawara shi ne Gambiya. A Janairun 2017 an tara sojoji a bakin iyakarta, Yahya Jammeh ya tattara kayansa ya tafi, aka yi ta tafi wa ECOWAS. Amma Gambiya ɗan siririn zare ce a cikin cikin Senegal. Nijar ta fi Najeriya faɗin ƙasa, tana da Mali da Burkina Faso a bayanta da suka ce taɓa ta taɓa su ne, tana kuma da jama'ar da ta daɗe da jin haushin Faransa, wadda cikin sauƙi aka gamsar da ita cewa ECOWAS 'yar aiken Faransa ce. Ranar da aka ɗauke wuta a Yamai da Maraɗi da Damagaram, an ba sojoji kyautar da ba su roƙa ba. Mutumin da jiya yake ƙorafin juyin mulki, yau maganin 'yarsa ya lalace a firji, ba Tchiani zai zaga ba.

A duba kuma yadda aka buɗe ƙofar magana, don a nan ne abin lura yake. Ranar 3 ga Agusta aka tura Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Abdulsalami ba baƙo ba ne a rikicin Nijar, shi ya shiga tsakani a 2009 lokacin tazarcen Tandja Mamadou, kalmar da ita ma daga Najeriyar Abacha ta ƙetara ba tare da fasfo ba. Duk da haka a filin jirgin Yamai suka tsaya, suka juyo ba su ga Tchiani ba, saboda wa'adi ne a aljihunsu. Ranar 9 ga wata Khalifa Muhammadu Sanusi na II ya shiga fadar, Sarkin Damagaram yana gefensa, ba da sunan ƙungiya ba. Ranar 12 malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau suka je aka karɓe su. Bayan nan ne, ranar 19, Abdulsalami ya koma ya ga Tchiani ya ga Bazoum. Rawani ɗaya aka mayar daga filin jirgi, wani rawanin aka shigar da shi zaure. Bambancin yana ga saƙon da kowanne ya ɗauko da kuma wanda ya yi masa jagora.

Sauran labarin gajere ne. Ranar 16 ga Satumba Mali da Burkina Faso da Nijar suka ƙulla ƙawancen Sahel, AES. Ranar 28 ga Janairun 2024 suka ce sun bar ECOWAS. Gowon, wanda ya rage cikin waɗanda suka kafa ta, ya fito yana roƙon a janye takunkumi. Ranar 24 ga Fabrairu aka janye, aka ce don jin ƙai, ga azumi na tafe. Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata gefen ranar 22. Kusan wata takwas. Bazoum bai koma kujera ba, ko ƙofar gidan da yake tsare ba a buɗe masa ba, duk da hukuncin kotun ECOWAS na Disambar 2023 cewa a sake shi. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar ta tabbata, ƙungiyar da ta kusa cika shekara 50 ta koma ƙasashe 12.

Hasarar da ta fi ta kasuwa ita ce ta tsaro. Sintirin haɗin gwiwa da ake yi a bakin iyaka ya yi sanyi, kuma a Nuwambar 2024 hedikwatar tsaron Najeriya da kanta ta danganta ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi da wannan giɓi. A Disambar shekarar Tchiani ya yi doguwar hira da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa don hargitsa ƙasarsa, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro Malam Nuhu Ribadu ya mai da martani da Hausa ya musanta. Mu muka zauna muna sauraron manyan ƙasashe biyu suna faɗa da harshen uwarmu. A Maris ɗin 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙar Boko Haram a Tafkin Cadi. Ƙasar Daura Allah ya rufa mata asiri, ba ta ga abin da Jibiya da Batsari da Safana suka gani ba, amma dajin da ɓarawon shanu ke bi bai san tangaraho ba, kuma jami'in da ba ya ɗaukar wayar takwaransa na ƙetare rabin ido yake aiki da shi.

Ba zan wanke sojojin Yamai ba. Mutumin da aka damƙa wa amanar gadin shugaba ya juya ya kulle shi da matarsa, wannan cin amana ne a kowace al'ada, balle tamu. Sun ce don tsaro suka zo, hare-hare ba su tsaya ba a Tillaberi da Tawa. Sun kori sojan Faransa a ƙarshen 2023 da na Amurka a 2024, suka shigo da na Rasha. A Maris ɗin 2025 aka rantsar da Tchiani na shekara biyar ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba, aka rusa jam'iyyu. Wanda ya yi musu tafi don haushin Faransa, ya tambayi 'yan jaridar can yadda suke kwana. Ita ma ECOWAS ta zubar da girmanta tun kafin ranar, lokacin da Alpha Condé a Gini da Alassane Ouattara a Kwaddebuwa suka yi wa tsarin mulki kwaskwarima suka zarce karo na uku a 2020, ba a rufe wa kowa iyaka ba. Hukuncina shi ne: ƙin amincewa da juyin mulkin daidai ne, makamin da aka ɗauka ne kuskure. Da an tsaya ga hana jagororin tafiye-tafiye da taɓa dukiyarsu, aka bar wa talaka hanyarsa da wutarsa da maganinsa, da ko ba a mai da Bazoum ba, ba a yi hasarar zuciyar mutanen Nijar ba. An riga an gwada rufe iyaka a 1984, an gwada a 2019, kowane karo mai babur da mai sanda a gicciye ne suka ci riba.

Yanzu ga inda muke. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku har sai an ga abin da hali ya yi. Su ma AES sun ce 'yan ECOWAS su shiga ba biza, amma a Maris ɗin 2025 sun sa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigo musu. Wato bakin maganar nan da takardar 1979 ta ba mutumin Mai'aduwa ya koma alfarma, wadda sanarwa ɗaya a rediyo za ta iya ɗauke ta. Gwaggona ta koma karɓar maganinta ta kan titi, amma ba ta da tabbacin wata mai zuwa.

Akwai tsohuwar hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, ta girmi ECOWAS da shekara huɗu, hedikwatarta na Yamai. Da Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya je can a Afrilun 2025 ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, farfaɗo da ita na cikin abin da suka amince. Roƙona ga Gwamna Dikko Raɗɗa da 'yan majalisarmu na tarayya shi ne su matsa a rubuta 'yancin zirga-zirgar mutanen iyaka a yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu kai tsaye, kada a bar shi a rataye da rigimar ƙungiyoyi. A kuma ba fadar Daura da ta Katsina da ta Damagaram da ta Maraɗi kujera a wannan zama, tare da shugabannin kara da na direbobi, tun kafin a yanke shawara, ba sai wuta ta kama a aika a kira su ba.

Wanda ya bi hanyar Kazaure zuwa Daura zai ga tudun ƙasar da aka tara wa layin dogon da aka ƙaddamar ranar 9 ga Fabrairun 2021. Kilomita 284 ne, daga Kano ya biyo Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, kuɗinsa kusan dala biliyan biyu, kuma Najeriya ce ke biya. Tasharsa ta ƙarshe tana Maraɗi, a ƙasar da yau ba ta cikin ECOWAS.